Jan Gilashin Mika'ilu

Assalamu alaikum, masu bibiyata. Na ga saƙonninku, da na masu tambayar launin anko da na masu tambayar ko lafiya na yi shiru. Lafiyar ke nan dai. Hannuna ne ya ƙi rubutu, don abin da zan ba ku yau ni kaina ban gama haɗiye shi ba.

Ga waɗanda yanzu suka shigo: sunana Sauda, a unguwar Ɗan Iya nake cikin garin Bauchi, a gaban Abba da Umma. An sa mini rana da Mika'ilu, mai aikin gilashi a Ƙofar Dumi. Ba irin masu yanka madubi da gilashin taga ba ne, shi narkar da gilashin yake yi. Yana da tanderun lantarki kamar babban akwatin ƙarfe. Sai ya yayyanka gilashi mai launi, ya jera a kan farin gilashi, wato garau ɗin nan da ake ganin bayansa, ya sa a wuta su haɗe su zama abu guda. Faranti, kwano, marfin fitila, duk yana yi.

Mutum ne mai shiru-shiru. Yatsunsa duk tabon ƙuna, kuma idan ya zo hira ya fi sauraro a kan magana. Ni da nake da surutu, wannan ne ya fara saye ni. Ya taɓa aure, ban ɓoye muku ba. Matarsa Amatullah ta rasu shekarun baya tana da ƙaramin ciki. Abin da aka gaya wa su Abba lokacin bincike shi ne jini ya ɓalle mata, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Babu wanda ya ƙara tambaya.

Bayan sa rana ya kawo mana kyauta uku. Ni faranti mai faɗi, Umma kwanon zuba dabino, Abba marfin fitilar gefen gado. Dukansu farin gilashi ne da ganye-ganye shuɗi, sai wani ja a tsakiya mai duhu kamar zoɓon da bai sha ruwa ba. Idan haske ya ratsa jan nan, sai ya zuba a bango kamar abu mai rai. Umma ta sa farantina a kabad ɗin falo, a hawan sama, ta ture tangarayen aurenta gefe saboda shi.

Tun daga ranar kusan duk hirarmu ta waya sai farantin ya shigo.

“Farantin fa, yana nan lafiya?”

“Yana gaishe ka.”

“A ina kika ajiye shi? Rana tana kaiwa wurin?”

Na rubuta masa: “Malam, ni za ka aura ko farantin?” Ya turo mini fuskar dariya. Ni kuwa na kife wayar a ƙirji ina jin daɗi, wai mutum yana ji da abin da ya yi mini da hannunsa.

Wata Alhamis bayan azahar aka ɗauke wuta. Zafin bazara ya kai inda ko kaji sun yi laƙwas a gindin durumi. Ina zaune a kan kafet ɗin falo cikin wata doguwar riga marar nauyi ruwan toka, ina ware atamfofin lefe da za a kai wa tela. Umma tana ɗaki. Goggo Rabi'atu, yayar Abba, wadda ta zo daga Darazo don shirin biki, tana gyangyaɗi a kan doguwar kujera da carbi a hannu. Gidan tsit.

Sai na ji ƙas.

Ba ƙara ba ce mai ƙarfi. Kamar a ce wani ya sa farce ya ɗan buga bakin kofi. Na ɗaga kai. Babu kowa. Kabad a rufe yake, makullinsa yana jikin ƙofa. Na tashi na leƙa, sai na ga wani siririn layi ya taso daga gefen jan nan, ya bi shi ya zagaye kamar an zana da allura, sannan ya miƙe zuwa bakin farantin. Ina tsaye ina kallo layin ya ƙara tafiya kaɗan, ya tsaya.

“Wa ya taɓa shi?” Goggo ce a bayana. Ban ji tashinta ba.

“Babu wanda ya taɓa, Goggo.”

Ta daɗe tana kallonsa. Ta tofa addu'a a tafin hannu ta shafa mini a ka.

Umma da ta fito cewa ta yi zafi ne, ko kuma dama da rauni a jikinsa. Ta ce kada in gaya wa Mika'ilu, zai ji babu daɗi. Na yi shiru kamar yadda ta ce. Da ya tambaya da yamma, na rubuta masa: “Yana nan.” Ban ƙara da “lafiya” ba.

Ranar Asabar da hantsi ƙawayen Umma suka zo ganin kaya. An kawo musu ruwan sanyi da dabino a kwanon nan, an ajiye a tsakiyar tebur. Ana cikin hirar leshi, kwanon ya rabe biyu a gaban kowa. Bai faɗi ba, ba a buge shi ba. Kawai ya buɗe kamar an ɓare gyaɗa, dabinon ya gangaro. Wata ta ce, “Ikon Allah,” a hankali. Wata ta fara neman takalminta.

Bayan sun tafi aka yi ta a tsakar gida, cikin ƙasa da murya don kada maƙwabta su ji.

“A ɗaga bikin nan,” in ji Goggo. “Akwai hannu a ciki. Ko na mutum, ko na wanda ba mutum ba.”

“Haba Yaya,” Umma ta ce. “An raba kati. Gado da kujeru suna shago ana jiran mota. Ƙannenta biyu suna ɗakunansu, ita ce babba. Kin san abin da bakin unguwar nan zai ce idan aka ɗaga?”

“Na san abin da idona ya gani.”

“Kwano ne fa. Kwano.”

Umma ta juyo gare ni, idanunta sun yi ja. “Ke kuma kada ki sa wa ranki komai. Na gaji da amsa tambayar mutane a kanki, Sauda. Ki bari in huta.”

Ban ga laifinta ba. Na san irin kallon da take sha a gidajen suna.

Na Abba shi ya zo ƙarshe. Ya tafi masallacin la'asar ya kulle ɗakinsa kamar kullum. Da ya dawo ya buɗe, ya tarar da marfin fitilar a tsage, ɓangare guda ya zame ya kwanta a kan matashinsa, daidai inda yake sa kai. Abba ba mai yawan magana ba ne. Ya naɗe guntun a tsohuwar jarida ya miƙo mini.

“Ki kira yaron nan ki tambaye shi,” ya ce. “Tambaya kawai.”

Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na kira shi. Na gaya masa duka ukun. Na zata zai yi salati, ko ya tambayi ko wani ya yanke. Bai yi ko ɗaya ba.

“Ta ina ya fara?” ya ce. “Ta gefen jan?”

“E.”

“Dukansu?”

“Dukansu.”

“Na kabad ɗin, da wane lokaci? Fanka tana aiki?”

'Yan uwa, a nan na tsorata. Muryarsa ba ta wanda aka ba wa labarin mamaki ba ce. Murya ce ta wanda ya daɗe yana jiran labarin.

Washegari na sa hijabina ruwan ƙasa, na zuba guntayen a leda, har da farantina da ya rabe ina ɗaga shi, muka hau keke napep ni da Goggo zuwa Ƙofar Dumi. A bakin titi aka sauke mu, don lungun ba ya ɗaukar keke. Muka bi ta gaban maƙera da shagon mai ɗinkin hula, muna matsawa jikin bango duk lokacin da ɗan acaɓa ya taho. Shagon Mika'ilu tsohon zaure ne da aka yi wa rufin kwano. Ban taɓa shiga ba sai ranar. Gilasai a jingine ko'ina, kore, shuɗi, ruwan ɗorawa, kowanne da 'yar takarda mai lamba a manne. Goggo ta ƙi wuce bakin ƙofa. Ya kawo mata kujera ta zauna a nan, ƙafa ɗaya a waje.

Ya rame. Yadin da ke jikinsa ya yi masa yawa a kafaɗa. Ya durƙusa ya gaishe da Goggo, sannan ya karɓi ledar ya jera guntayen a kan tebur.

“Goggo, ba sihiri ba ne,” ya ce. “Bari in nuna muku.”

“Nuna mata. Ni ina ji daga nan.”

Ya ɗauko guntun farantina. “Kowane gilashi, idan ya ji wuta buɗewa yake yi, idan ya huce ya tsuke. Amma ba duka suke tsukewa daidai ba. Abin da ake zubawa don a ba shi launi yana canza masa hali. Wani ya tsuke da yawa, wani kaɗan. Wani ya daskare da wuri, wani yana nan da taushi. Shi ya sa kike ganin lamba a jikin kowanne, kuma ko lambar ta zo ɗaya sai na gwada. Idan aka narkar da biyu da ba su dace ba, a wuta lafiya lau suke haɗewa. Sai an zo hucewa, ɗaya yana son tsukewa, ɗayan ya riƙe shi. Wannan kokawar ba ta ƙarewa. A ciki take zama.”

“Amma ai lafiya ƙalau ka kawo su,” na ce.

“Ido ba ya gani. Yana iya yin mako, yana iya yin shekara. Wata rana zafi ya taɓa gefe guda, ko sanyi, ko ma babu komai, sai ya saki.”

Ya jawo wasu ledoji biyu masu duhu-duhu, ya ce daga fuskar matacciyar kwamfuta ya ɓanɓaro su. Ya kunna fitilar wayarsa ya kwantar, ya ɗora leda ɗaya a kai, ya ɗora guntun farantin, sannan ya rufe da ta biyun yana juya ta a hankali har komai ya yi baƙi.

“Leƙa.”

Na sunkuya. Wajen ganyen shuɗi duhu ne, babu komai. Amma gefen jan, duk inda ya haɗu da fari, wani farin haske ne ya kewaye shi, yana tartsatsi waje kamar gashin mage idan ta tsorata. A cikin gilashin da nake ganin garau ne. Abin da na yi ta gogewa da gefen mayafina ina murmushi.

“Wannan hasken shi ne kokawar,” ya ce. “Shuɗin ya dace da farin. Jan bai dace ba.”

“Babu yadda za a yi a gyara?”

“Idan iri ɗaya ne, a hucar da shi a hankali, shi ke nan. Idan ba su dace ba, ko wata guda za ka yi kana hucarwa, tana nan a ciki.”

Na waiwaya ina neman jan a cikin gilasan da ke jingine. Akwai wani ja mai haske kamar tumatir, amma ba irin nawa ba ne.

“Ina wanda ka yi mana da shi?”

Ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya ɗan jawo wani tsohon kwalin taliya, bai fito da shi duka ba. Ya zura hannu ya ɗauko guntu guda ya ɗora a tafina. Kusan fari ne, da ɗan ruwan shayin da bai ji ganye ba.

“Wannan ai ba ja ba ne.”

“Shi ne. Akwai irin jan da ba ya nuna kansa sai ya shiga wuta. Haka zan jera shi fari a kan fari, in rufe tanderu. Idan na buɗe sai in tarar ya zama jini.”

Na ji Goggo tana neman tsari a bakin ƙofa.

“Babu lamba a jikinsa,” na ce.

“Babu. Na Amatullah ne.” Bai kalle ni ba. “Ita ta koya mini aikin nan. Tanderun ma nata ne. A Legas ta sayo wannan wajen wani tsoho, ba ta san daga inda ya fito ba. Ta ce ba ta taɓa ganin ja irinsa ba.”

Wannan ne karo na farko da na ji ya kira sunanta. Kullum “marigayiya” yake cewa.

“To kai ɗan nan,” Goggo ta ce, “da ka san ba ya zama da ɗan uwansa, don me ka ba su suka sa a ɗaki?”

“Na ɗauka na gano hanyarsa, Goggo. Kowanne da yadda na gasa shi.”

“Ka ɗauka.”

Na ajiye guntun. Kishi da mamaciya abin kunya ne, na sani, amma na ji shi. Na danne, na yi magana a hankali.

“Malam, ina roƙonka abu ɗaya. Ka mayar wa mahaifiyarta kwalin nan. Kayan 'yarta ne. Kada ya ƙara shiga wuta.”

“To,” ya ce. “Zan aika mata.”

A hanyar dawowa, da muka kusa gida, Goggo ta juyo gare ni. “Bayaninsa ya shiga kai,” ta ce. “Idonsa ne bai kwanta mini ba.”

Umma kam har da hamdala. “Kun ji ko? Ashe abin ilimi ne.” Ta share ragowar guntayen ta zuba a shara, ta mayar da tangarayenta hawan sama. Aka tsayar da ranar da mota za ta kai gado da kujeru Miri da ke bayan gari, gidan da zan tare. Gidan da ya zauna da Amatullah ne, amma an sake fenti da tayil. Sau ɗaya aka kai ni, falo da kicin kawai na gani, an ce ɗakin barci ana aiki. Mika'ilu ya turo mini saƙo: “Na ba direban garinsu Toro kwalin ya kai mata.” Na mayar masa: “Allah Ya saka da alheri.” Daga nan bai ƙara tambayata wani faranti ba. Hirar tamu ma ta ragu. Na ce hidimar biki ce.

Ranar kai kaya, tun safe garin ya ɗauki wani irin zafi mai nauyi, irin wanda tsofaffi ke cewa ruwa yana kusa. Umma tana ta waya da masu mota. Ni ina kicin ina soya miyar da za a ba masu aiki, ɗaure da zanin atamfa da tsohuwar riga, fuskata duk maiƙo. Bayan azahar aka yi sallama.

Dattijuwa ce doguwa, fara, da baƙin mayafi da gilashin ido. Tana rungume da kwalin taliya. Ina ganin kwalin na san ko wace ce.

“Ni ce Juwairiyya,” ta ce wa Umma bayan sun gaisa. “Uwar Amatullah. Ku yi haƙuri na zo babu sanarwa. Amaryar nake son gani, a gabanku.”

Aka shimfiɗa mata darduma a falo. Na kawo ruwa na durƙusa na gaishe ta. Ta kama hannuna ta riƙe, tana kallona kamar tana neman wata a fuskata.

“'Yata, me aka ce miki ya kashe Amatullah?”

“Cewa aka yi jini ne ya ɓalle mata, Hajiya.”

“Jini ne.” Ta gyaɗa kai. “Amma ba na ciki ba. Taga ce.”

Umma ta ajiye wayarta.

“A ɗakinsu na Miri akwai wata babbar taga a saman bango, daidai kan gado. Amatullah ta zana yadda take so a yi ta, da jan gilashin nan nata. Ta ce masa kada a yi sai ta gwada shi. Sai laulayi ya kwantar da ita, ta zo wurina Toro ta yi kwanaki. Shi kuma yana son ya faranta mata. Ya yi tagar shi kaɗai, ya ɗora, ta dawo ta tarar. Ta kira ni tana dariya, ta ce Inna, ɗakina ya zama kamar cikin kankana.”

Ta cire gilashin idonta ta riƙe a cinya.

“Tagar ta yi makonni babu abin da ya faru. Rannan rana ta wuni tana dukan tagar. Ita ta kwanta bayan azahar. Sai ruwan farko na shekara ya sauko da iska, mai sanyi, a kan gilashi mai zafi. Shi yana kasuwa. Maƙwabciya ce ta ji ƙarar. A nan gilashin ya same ta.” Ta taɓa gefen wuyanta.

Ina jin miyata tana kamawa a kicin, na kasa tashi.

“Ni na hana a yi maganar,” ta ci gaba. “Na ɗauke shi ƙaddara, na yafe masa duniya da lahira. Yaron ya kusa zaucewa, ban ga amfanin a ƙara masa ba. An toshe ramin tagar da bulo a gabana. Da na ji zai yi aure, wallahi na yi murna.”

Ta jawo kwalin ta buɗe, ta karkato shi gabanmu. 'Yan guntaye ne a ƙasa, ba su fi cikin tafin hannu biyu ba.

“Lokacin da ta rasu, kwalin nan mutum ɗaya ba ya ɗaga shi. Da direba ya miƙo mini na ji shi sakayau, sai gabana ya faɗi. Yau da zan shigo gari na sauka a Miri, na zagaya bayan gidan. An fasa bulon. Ya sake ɗora wata. Irinta sak.”

Sai a lokacin tambayoyinsa suka dawo mini ɗaya bayan ɗaya. A ina kika ajiye shi. Rana tana kaiwa wurin. Fanka tana aiki. Ashe ba kyauta ya kawo mana ba, gwaji yake yi. A falonmu, a teburin baƙin Umma, a kan matashin Abba.

Wayar Umma ta fara ƙara. Masu mota ne. Ta kalli wayar, ta kalle ni.

“Umma, ki ce su tsaya. Kada a ɗora komai.”

Na zata za ta ce kati, ta ce bakin mutane. Ta ɗauka ta ce, “Ku dakata,” ta kashe.

Na ɗauki tawa na fita tsakar gida. Sai da ta kusa katsewa ya amsa.

“Malam, Hajiya Juwairiyya tana gidanmu.”

Ya ce, “Na san za ta zo.”

“Da wane gilashi ka yi tagar?”

“Kin sani.”

“Duka ukun da ka ba mu sun tsage. Kai da bakinka ka ce idan ba su dace ba, babu gyara.”

“Wannan daban na yi ta, Sauda. Na sa wani siririn gilashi a tsakaninsu. Na hucar da ita yadda ban taɓa hucar da komai ba.” Muryarsa a kwance take, kamar mai karanto wa kansa abu. “Idan ta tsaya, to gilashin yana yiwuwa, gaggawata ce kawai ta jawo. Idan ba ta tsaya ba, ko ita da kanta ta yi, haka za ta faru. Ina so in san wanne ne. Ba na barci, Sauda. Ina so in sani.”

“Ka duba ta da ledojin?”

Sai da na maimaita.

“Ka duba ta?”

“Ban duba ba.”

“Kuma a ƙarƙashinta za ka sa gadona.”

“A'a. Wallahi a'a. Ba zan bari ki shiga ɗakin ba sai na tabbatar. Shi ya sa nake gwadawa da kaina.”

A bayan muryarsa babu ƙarar maƙera, babu hon ɗin acaɓa. Kukan kurciya kawai nake ji.

“Kana ina yanzu?”

“Ina ɗakin. A nan na shimfiɗa tabarma tun da na ɗora ta.”

“Ka tashi daga wurin.”

“Ba yanzu ba.”

“Mika'ilu.” Ban taɓa kiran sunansa gatsau ba. “Don girman Allah ka tashi ka fita.”

“Ta sha rana sosai yau,” ya ce. “Kuma na ga hadari ya haɗo. Ki yafe mini farantin.”

Ya kashe. Na sake kira, a kashe take.

Na ɗaga kai. Gabas ta yi baƙi ƙirin, amma rana tana nan tana ƙuna a kanmu. Iska ta fara kaɗa zannuwan da ke kan igiya.

Ban san lokacin da na zari hijabin Goggo daga ƙofa na zura a kan zanin girkina ba. Umma tana kiran Abba a waya tana cewa ya bar duk abin da yake yi ya nufi Miri. Hajiya Juwairiyya ta riga ni kaiwa bakin titi, da shekarunta, tana ɗaga wa keke hannu. Muka shiga.

“Miri,” na ce wa mai keken. “Don Allah ka yi sauri.”

“Hajiya, ruwa zai tare mu fa.”

“Ka je kawai.”

Hajiya Juwairiyya ta damƙe hannuna, leɓɓanta suna motsi. Ni addu'ar ma ta ƙi haɗuwa a bakina. Ina ta danna lambarsa, matar nan ta kamfanin waya tana ta gaya mini a kashe take. Muka fita daga cunkoson gari, gonaki suka fara bayyana, ƙasa a bushe tana jira. Ƙanshin ruwa ya bugi hancina.

Ba mu kai ga kwanar gidan ba na ji ɗigon farko ya faɗo a kan rufin keken.